Turken Gwamnati da Gara Ke Ci a Gonata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Binciken Yashi Mai Kwalta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ni ne Iro, manomi a wani ƙauye na ƙasar Baure. Ba ka san ni ba, ranka ya daɗe, amma ƙasar gonata tana ofishinka a cikin kwalba, in dai ba a zubar an sa kananzir ba.

Na farko, ga yadda aka yi. Damina uku da suka wuce rediyo ya yi ta shela cewa gwamnati za ta fara fitar da mai daga yashi mai kwalta. A makon da aka yi shelar maƙwabcina Malam Hamisu ya ga baƙar ƙasa mai danƙo a gabashin gonata, bai zame ko'ina ba sai gidan mai gari. Mutanenka suka zo da farar mota, suka ɗebi ƙasar, suka kafa turke mai jan fenti, suka ce kada fartanya ta ƙara taɓa wurin sai sakamako ya fito. Gefen nan kuwa shi ke ba ni geron da ke kai mu bazara.

Na biyu, tun ranar na zama Alhaji ba tare da na taka filin jirgi ba. Dangin da rabona da su tun rabon gado duk sun tuno zumunci. Gambar da ke iyakata da Malam Hamisu ta koyi tafiya, kowace damina sai ta matso taku biyu wajen turken. An daina zuwa mini gayya, wai me mai rijiyar mai zai yi da gero? Mai ɗakina Ladi ta ce ita dai har yau ba ta ga man da za ta sa a miya ba.

Na uku, gara ta cinye turkenku tun kafin kakar farko. Don tsoron kada a ce na tumɓuke alamar hukuma, na sassaƙa wani, na je har Daura na sayo jan fenti. Wanda ke tsaye yanzu shi ne na huɗu. Wato ni ke sassaƙa abin da ya hana ni noma, ni ke shafa masa fenti, in zan wuce ta gabansa kuma har rage murya nake yi.

Na huɗu, kuma nan ne kunyar take. Ranka ya daɗe, kwaltar nan tawa ce. Shekarar da aka yi titinmu, masu aikin suka tafi suka bar rabin duro a bakin hanya. Na gangaro da shi gona don in shafe gindin rumbu saboda gara. Rana ta narkar da kwaltar, jakina ya ture duron, ta malale cikin yashi, na bi da ƙasa na rufe. Ranar da mutanenka suka zo na so in faɗa, amma mai gari na tsaye, na ji tsoron a ce ɓarawo. Kuma tsakani da Allah, Alhajin nan ya yi mini daɗi a kunne. Yanzu daɗin ya ƙare, rumbuna ya kusa kai ƙasa, ina da baki takwas a gida.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. A aiko mini da takarda mai hatimi cewa babu komai a gonata sai ɓarnar jaki, in karanta wa dangi da Malam Hamisu. Sannan masu neman yashin nan su nufi kudu, inda malamin makarantarmu ya ce can Allah ya ajiye na gaske.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, gara kuma ta kama turke na huɗu. Ba zan tumɓuke shi ba, ni mai biyayya ne. Amma na ajiye gizago, babu turke na biyar. Ranar da ya faɗi da kansa zan shuka gerona har kan raminsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ku samu man da kuke nema a inda yake. Gara kuma, wadda ban taɓa yi wa addu'a ba, Allah ya ƙara mata ƙarfin haƙori.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Iro, Alhajin da bai je ba.