Inda Layin Dogo Ya Rabu Biyu

Kafanchan.

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya zafin Maiduguri? Yaya maigida da yara, da ciwon ƙafar nan naki?

Sakamakon bincike kan jirgin saman sojan da ya faɗi da Ishaya, ɗan Kawu Bitrus, ya fito a jarida. Sun ce kuskuren matuƙi ne, wato shi Ishaya, ba su ƙara komai ba.

Na je Kaduna na sami abokin aikinsa. Ya ce Ishaya ya sha kukan cewa na'urar nuna hanya tana ruɗa shi, ba a gyara ba. Idan ta ƙi, matuƙa kan sauko ƙasa-ƙasa su bi layin dogo da ido. Kin san a nan Kafanchan layin ya rabu biyu. Cikin hadari ya bi na Jos maimakon na Kaduna, ya daki duwatsu. Abokin ba zai faɗa a fili ba, soja ne.

Na kai wa Kawu bayanin a Madakiya. Ya ce, "Dauda, wancan na jarida duk gari sun karanta. Wannan kuwa ni da kai kaɗai muka sani."

Ki sa shi a addu'a, ki rubuto masa. Yanzu mun zama uku.

A gaida kowa.

Ƙaninki,
Dauda