Hoton Da Bai Girma Ba

Zuwa ga Doguwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya zaman makarantar kwana? Babanku yana gaishe ki, ciwon bayan da sauƙi, jiya har ya sunkuya ya ɗaure takalminsa da kansa. Auta ta ce in gaya miki ta mamaye gadonki, kuma ba sauka.

Saƙon Kaka, dattijuwar nan mai ɗaukar nauyin karatunki, ya iso ofishin ƙungiyarmu ta tallafa wa marayu, tare da kuɗin makarantarki na wannan zangon, Allah Ya saka wa baiwar Allah. Ta haɗo miki da 'yar riga mai hoton malam-buɗe-littafi. Har yau a wurinta shekararki tara, ke da saman ƙofa ke bugun goshinki! Rigar ta zauna wa Auta cif. Ki rubuta mata godiya da hannun hagu yadda kika saba, ki bar kuskure biyu ko uku.

To ga inda gizo ke saƙa. Ta ce likita ya yarje mata tafiya, ƙarshen wata za ta zo ta ga jikarta da idonta. Jiya a wurin aikina, ɗakin gugar asibiti, sai da na ƙona zanen gado saboda tunani. Shawarar da na yanke ita ce Auta ta tsaya a madadinki, yini ɗaya ne kawai. Zan koya mata abin da za ta faɗa. Ke dai ki zauna a makaranta, wata biyar ya rage ki zana jarrabawar ƙarshe.

Allah Ya yi miki albarka.
Ummanki

Zuwa ga Ummana,

Ina gaishe ki da girmamawa, da Baba, da 'yar fashin gado. Na karanta wasiƙarki a bayan ɗakin karatu, na kasa komawa aji.

Umma, me za ki koya wa Auta? Ta zauna kusa da ke ta ce wa baƙuwa uwarta ta mutu? Ni na san nauyin wannan maganar, don ni tawa gaskiya ce. Shekarata shida kika ɗauko ni daga gidan marayu, na fi shekara ban iya furta ta ba tare da na yi amai ba. Ke ce kike riƙe min kai. Yanzu ki sa wadda kika haifa ta faɗe ta kina zaune da ranki?

Kuma na gaji da hannun hagu. Shekara uku ina zana mata gida da rana da kaza, ni da nake haɗa sinadarai a ɗakin gwaji. Duk sanda ta rubuto "'yar jikalleta", sai in ji kamar na zura hannu a jakarta. Don Allah ki faɗa mata gaskiya kafin ta taso.

Ki yafe min idan na yi tsaurin ido.
'Yarki

Doguwa,

Bayan gaisuwa. Lallai karatu ya yi rana, yau ni ake yi wa wa'azi!

Bari in gaya miki abin da ba ki gani ba. Lokacin da Babanku ya bar tuƙi saboda bayansa, shekararki goma sha huɗu. Taron neman masu tallafi har bakwai na tsaya bakin zaure da allon hotunan marayu, ƙafafuna har kumbura suke. Hotunan ƙanana kafin azahar an tsince su kamar gyaɗa. Naku na manya kuwa haka nake kwashe su in mayar cikin ambulan. Wani mai ƙaton tumbi ya ɗaga hotonki ya ce, "Wannan ai ta isa ta nemi aikin wanke-wanke." A gabana, wallahi. Ranar na dawo na ɓalle hotonki na shekara shida daga bangon falo, na liƙa a allo. Taron da ya biyo baya, minti goma bai yi ba Kaka ta ɗauke shi tana share hawaye.

Ƙarya ce, na sani, kuma ni zan amsa ta gaban Allah, ba ke ba. Dangin Babanku sun ce ɗan riƙo ba ya goya mutum, in daina wahalar da kaina. Na rantse sai kin gama. Maganar Auta ta sosa min rai, ban ɓoye miki ba, amma ba ni da wata dabarar. Ki kama bakinki wata biyar, shi ke nan abin da na roƙe ki.

Ummanki

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki fatan ƙarin lafiya. Za ki ga rubutun ya canza. Wannan shi ne ainihin hannuna.

Shekarata goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe na sakandare. Hoton da ke wurinki nawa ne, amma tsoho ne. Marainiya ce ni da gaske, kuɗinki kuma makaranta suka tafi, ko kwabo ba a karkatar ba. Sauran duk ƙarya ne: zanen, da kurakuran, da haƙorin da na ce miki ya faɗi. Matar da ta ba ki hoton ita ce ta riƙe ni, ta yi haka ne don babu mai ɗaukar manya. Ba ta san na rubuto wannan ba.

Ina son in zama ma'aikaciyar jinya. Ina jin kunyarki ƙwarai, kuma ina ƙaunarki, ko da ba za ki yarda ba. Idan za ki yi fushi, ki yi da ni, ni na riƙe alƙalamin.

Wadda kike kira jikarki

Zuwa ga Malama mai kula da allon hotuna,

Bayan sallama. Wasiƙar 'yarki ta iso ni. Ba doguwar magana zan yi ba.

Shekara talatin da biyar na koyar a aji uku, kuma yarinya ta ruɗe ni da hannun hagu. Wannan kaɗai ya ishe ni kunya. Akwai zanenta goma sha ɗaya a bangon ɗakina. Duk shekara nakan shiga kanti in ce a ba ni rigar da ta fi ta bara girma kaɗan. Yarinyar da nake yi wa wannan babu ita a duniya, kuma ke kika yi min haka.

Na kai maganar gaban shugabar ƙungiya, na fasa tafiyar, na kuma tsayar da kuɗin. Abu ɗaya zan amsa, don ban saba danne gaskiya ba: da ainihin hotonta kika nuna min ranar, da na wuce shi kamar kowa. Wannan ma yana damuna, amma bai wanke ki ba. Ki ce mata kada ta rubuto min yanzu, zuciyata ba ta sauka ba.

Wassalam.
Tsohuwar malama

Umma,

Ina gaisuwa. Shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta ce tallafina ya tsaya, kuma sati uku ya rage a rufe rajistar jarrabawa. Ta ce an cire ki daga ƙungiya. Ni na jawo. Na ci amanarki bayan duk abin da kika yi min. Idan ke da Baba kun ga ya fi, ku mayar da ni inda kuka ɗauko ni, ba zan ga laifinku ba.

'Yarki, idan har yanzu kin yarda

Doguwa,

Fushi nake da ke, kuma ban gama ba. An karɓe allon daga hannuna a gaban mutane.

Amma maganar mayarwa, kul na sake jin ta. Ke kayan kanti ce? Da na karanta wa Babanku, tashi ya yi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba.

Kuɗin rajista babu su, ba zan yi miki wata ƙaryar ba. Ranar Litinin zan fara bi ofis-ofis da ƙafata, ba ƙungiya, ba allo. Ban san ko za a samu cikin sati uku ba. Ki nemi mai hoto ya ɗauke ki gobe, da kayan makaranta, ki aiko min da gaggawa. Ki miƙe da tsawonki duka, kada ki ranƙwafa.

Allah Ya yi miki albarka, mai taurin kai.
Ummanki