Bari In Gama Wannan Tukuna

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina cikin hutun Ubangiji. Bayan gaisuwa, Inna, ƙarar kaina na kawo miki.

Shekara uku ke nan da aka dawo da ni aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Ƙofar Na'isa. Na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, Hajiya Balaraba, ni da jikarki, takwararki, wadda 'yan gidan suka sa wa Ummi. Ba ki gan ta ba, bayan rasuwarki aka haife ta, bana ta cika shekara huɗu. Mu kaɗai ne Kiristoci a layin, kuma ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza. Lahadin da ba na aiki mukan je coci a Sabon Gari, ita tana ajin yara, ni ina ciki.

Na tuna yadda kike yi a ƙauye. Ba kya hura wuta sai kin durƙusa a gaban gado, har gwiwoyinki suka yi kanta. Kullum kina ce mana, "A gaida Ubangiji kafin a gaida murhu." Karatunki da ƙyar yake fita, kina bin layi da yatsa, amma ban taɓa ganin ranar da kika tsallake ba.

Littafi Mai Tsarkin nan naki yana wurina, a saman akwati. Ba ƙin sa nake yi ba, Inna, Allah ya sani. Kullum da niyya nake tashi. Sai in ce bari in ɗora ruwa tukuna. Bari in shirya Ummi. Bari in dawo daga aiki, lokacin hankalina ya fi kwanciya. In na dawo kuma, sai in ɗauki waya wai minti biyar, kafin in ɗago an kira magariba, ga tuwo ban ɗora ba. Ni da na yi boko har da takardar shaida, sai in yi wata biyu ban buɗe shafi ɗaya ba.

Ita kuwa Hajiya, ko shara take yi, ladan na kira za ta ajiye tsintsiya a inda take. Wata rana ta tambaye ni, "Rifkatu, ku yaushe ne lokacin taku ibadar?" Na ce mu ba a ƙayyade mana ba, kowane lokaci ne. Har da ɗan alfahari na faɗa, kin ji ni fa! Ta ce to madalla. Ban gaya mata cewa kowane lokacin nan nawa ya koma babu lokaci ba.

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, Hajiya ta shigo riƙe da hannun Ummi, yarinyar ta ɗaura ɗankwali a karkace. Ashe kwana da kwanaki tana tsayawa a bayan Hajiya lokacin salla, in ta sunkuya ta sunkuya. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "'Yarki tana neman Allah. Ki nuna mata yadda kuke yi." Ta saki labule ta fita.

Kunya ta rufe ni. Ban ce bari in gama komai ba, na sauko da littafin, na kaɗe shi, na durƙusa a gaban gado. Ummi ta tsaya tana kallona. Can ta matso, ta durƙusa kusa da ni, ta leƙa ƙarƙashin gadon, ta ce, "Mama, me ya faɗi? In taya ki nema?"

Inna, na yi kuka. Shekara huɗu yarinyar nan tana kwana tana tashi a ɗaki ɗaya da ni, ba ta san abin da ke sa mace ta durƙusa ba, sai in ɗan kunne ya faɗi.

Na ce mata e, ta taya ni. Yau kwana biyar muna yi tare da safe, kafin shayi. Jiya har na fara cewa bari in goge kayan aiki, ta ja mini zane.

Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya gafarta mini jinkirina. Ya sa abin da kika ba ni kada ya tsaya a hannuna, ya kai ga yarinyar da ke amsa sunanki. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rifkatu