Madambacin Yamina a Kan Soro

Beni Saf, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Wahiba,

Gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidanki, da jikana Anis. Bayan haka, kada ki tsorata, ubanki ya faɗo daga kan soro. Ƙafa ɗaya ce ta karye, ɗayar tana nan tana yi mata dariya. Likita ya ce, "Alhaji, da shekara saba'in da ɗaya me ka hau nema?" Na ce madambaci. Ya daɗe yana rubutu, ina jin kaina ya ce a duba.

Kin tuna shi? Madambacin kuskus na mamarki Yamina, wanda na sace na ɗaure a jikin eriya don mu kamo tashar talabijin ta Sifen da ke ƙetaren teku. Wata guda muna cin burodi da kifi saboda shi. Sai sha biyun dare hoto ke fitowa, in teku ta kwanta. Ni a sama ina juyawa, ke a taga kina ihu, "Dama, Baba! Ka wuce! Tsaya nan!" Sannan in sauko in fassara miki fim ɗin zanen Japan ɗin nan, na yarinya mai koren gashi da ke bin tsibirai tana neman uwarta. Sifaniyancina kalma shida ne, wajen masunta na koya, huɗu daga ciki zagi ne.

Sati uku ke nan ina kira ba kya ɗauka. Shi ne na ce bari in sauko da shi in aiko miki, ko ya kamo min ke. Yana can har yanzu. Ni ne na sauko.

Mahaifinki,
Lakhdar

Lyon, 15 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sake hawa ko kujera.

Ga abin da ya hana ni ɗaukar wayarka. Na sami zanen a intanet da fassarar Faransanci. Na zaunar da Anis muka kalle shi, kashi hamsin da biyu. Tun farko na yi masa alkawari za ta sami uwarta, su koma gida a kwalekwale suna cin soyayyen kifi, kamar yadda ka ba ni. Baba, uwar mutuwa ta yi. Anis ya yi kuka har ya shaƙe, ya ce, "Mama, ƙarya kika yi min."

Kuma ashe yarinyar ba Wahiba ake kiranta ba. Wannan na yafe.

Ranar da aka nuna kashi na ƙarshe, ina yarinya, ka ce iska ta ɗauke hoton. Babu iska a daren nan, tagar a buɗe take, ina gabanta. Bayan kwana biyu ka dawo daga asibitin Wahran kai kaɗai, babu Mama. Ita yarinyar zanen ta riƙe hannun uwarta. Ni kullum na ce ka kai ni wajen Mama, sai ka ce gobe. Shekarata tara, ba jaririya ba ce.

Abu ɗaya nake tambaya. Mama ta neme ni?

'Yarka,
Wahiba

Beni Saf, 29 ga Maris

'Yata,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki sau huɗu. Kin san karatuna a aji uku ya tsaya, amma ba shi ya sa na maimaita ba.

Babu iska, gaskiyarki. Da ranar nan likitan mamarki ya kira ni gefe ya girgiza kai. Na hau motar haya na dawo, na hau soro, na juya, na zauna kusa da ke. Sai ga likitan zane shi ma ya fito yana girgiza kai, iri ɗaya sak. Wannan ba ya buƙatar Sifaniyanci. Na tashi na hau na juya madambacin ya kalli dutse. Na daɗe a can sama, kina kirana. Da na sauko na ce ai na san ƙarshen, na haɗa miki da kwalekwale da kifi. Me masunci zai sa a labari in ba kifi ba?

Ta neme ki. Sau uku. Ta ce, "Lakhdar, kawo min yarinyata, ka bar wasa." Na ce gobe. Na ce wa kaina ba na so ki gan ta ta koma kamar tsinke. Ƙarya ce, ita ma ni na fassara ta. Tsoro nake ki kalle ni ki ce, "Baba, me suke cewa?" ni kuwa ba ni da abin da zan ƙirƙira.

Ta bar miki saƙo. Shekara ashirin da bakwai yana bakina, na ba ki labarin komai a duniya ban da shi. Na gwada rubuta shi nan, na yaga takarda biyar. Ni in na riƙe biro sai in yi masa ado, kin san halina.

Ki ce wa Anis ba ke ce maƙaryaciyar ba, gado ne, kuma a kaina ya ƙare.

Mahaifinki da ya yi laifi,
Lakhdar

Lyon, 9 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa. Muna tafe a jirgin ruwan Alhamis. Anis ya ce ƙarshen labarin da ka ƙirƙira ya fi, yana so ya ji daga bakinka, har da kifin. Shi ka ba shi wannan. Ni ka san nawa.

Ban ce na yafe ba.

Wahiba

Beni Saf, 12 ga Afrilu

'Yata,

Allah ya kawo ku lafiya. Wataƙila ki riga takardar nan isowa, ba komai. Na sa an sauko da madambacin, duk ya yi tsatsa, ba ya kamo komai. Ina zaune da ƙafa ɗaya, babu soron da zan gudu. Zan faɗa miki yadda ta faɗa, kalma bakwai ne, ba zan ƙara ko ɗaya ba.

Mahaifinki,
Lakhdar