Littafin da Ya Dawo Cikin Ledarsa

Akureyri, 4 ga Janairu

Hilmar, ranata a watan da rana ke leƙowa ta koma, ruwan ɗumina a tsakiyar ƙanƙara, fitilar masu karatun arewa baki ɗaya,

Ina gaishe ka da zuciya mai tafasa kamar maɓuɓɓugar ruwan zafi ta bayan gari. Ina kuma gaida alƙalaminka, wanda duk Disamba yake zaɓa wa jama'a littattafai goma da bai kamata shekara ta ƙare ba su karanta ba. Wace mace ce ta kai ni sa'a? Masoyan wasu kifi suke kamawa, nawa kuwa hankalin ƙasa yake kiwo. Daga bayan kantar shagonmu na littattafai nakan ga tsofaffi suna shigowa da shafinka na jarida a ninke cikin safar hannu, kamar takardar likita.

Ka tuna Oktoba? Muna zaune a kwarmin ruwan zafi na wurin wankan gari, dusar ƙanƙara na sauka a gashinka, dattawa huɗu na gardama kan farashin kifi. Ka juyo ka ce, "Bryndís, ki aure ni mana." Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yarinya, bar shi ya jiƙu tukuna." Na ce zan ba ka amsa a Kirsimeti, a rubuce, tunda kai mutumin rubutu ne.

Na kuwa cika alkawari, ya sanyin idona. Na ɗauko littafin da ka sa a lamba ta ɗaya, labarin nan na matar da ta gaji gonar tumaki a bakin teku. Kai ka rubuta cewa ya hana ka barci, madubi ne ga zamaninmu, kuma duk Kirsimeti za ka sake karanta shi har ranar mutuwarka. Ka ce ƙanwarka ta tafi da naka. Sai na yage ledar wani sabo, na sa 'yar takarda mai ɗauke da amsata a shafi na ɗari biyu da sha biyu, na mayar da leda da injin shago, na manna masa takardar musaya, mai ba da damar canza shi da wani, kamar yadda ake yi wa kowane littafin kyauta. A jajibirin Kirsimeti ka kwance ƙunshin kyautar a gaban mahaifiyarka, ka rungume littafin a ƙirji. Kaico, da ni ce littafin nan!

Kwana biyu bayan haka ka ce ka gama shi, ya ma fi na farko daɗi. Na jira. Ka ce babin ƙarshe ya sa ka hawaye. Na ƙara jira. Ka kalle ni da idanun nan naka masu kama da tafki a lokacin bazara, ka ce, "Har yanzu shiru, Bryndís?"

Ranar Litinin da ba na aiki ka zo shagon. Unnur, abokiyar aikina, ita ta karɓe ka, a layin masu mayar da kyautar da ba su so. Washegari ta ajiye littafin a gabana ta ce, "Malamin naki ya kawo wannan. Ko ƙura bai taɓa ba, bawan Allah mai tsafta." Ledar tana nan, da ɗan karkacen da hannuna ya yi a gefe. Na tambaye ta me ka ɗauka a madadinsa. Ta ce kwafi biyu na littafinka na tarin sharhi, wanda ke neman faɗowa daga jerin waɗanda aka fi saya.

Ya Hilmar, wane tsuntsu ne ke kula da ƙwansa haka?

Na koma na karanta jerinka na bana, ina riƙe da littattafan ɗaya bayan ɗaya. Tarihin jiragen kamun kifi: abin da ka faɗa yana bangon baya. Littafin likitar nan kan barci: bangon baya. Labarin ɗan sandan da aka kashe maƙwabcinsa: bangon baya, har da waƙafi. Shekara tara kana aurar da littattafai ga mutane ba ka taɓa shiga ɗakin ko ɗaya ba. Ga abin da ya fi damuna, masoyina. Ka ce ni ce mace ta ɗaya a jerinka. Shin ni ma bangon bayana ka karanta?

Duk da haka ina kewarka kamar yadda gari ke kewar hasken watan Yuni. Ina kewar yadda kake share ƙanƙarar motata kafin taka, da yadda kake ɓare mini dankali ba tare da ka yi sharhi a kansa ba. Wannan mutumin nake so. Ban sani ba ko ya iya zama da abu ɗaya har ƙarshe.

Ga littafin nan tare da wasiƙata. Na cire leda, na cire takardar musaya, na cire 'yar takardar ma, don haka kada ka wahalar da kanka da girgiza shi. A cikin labarin akwai likitan dabbobi da ya nemi auren matar sau uku, kowane karo da amsarsa. Amsata ita ce ta ukun. Ba ta a bangon baya, ba ta a babin ƙarshe. Unnur ba za ta gaya maka ba, mahaifiyarka ma ta karanta, ta ce ko ka yi kuka ba ruwanta.

Shafi ɗari huɗu da tamanin ne. Ina nan bayan kanta, ba inda za ni, har dusar ƙanƙara ta narke ta sake zuba.

Taka, wadda in an ɗauka ba a mayarwa,
Bryndís