Baƙin Zaren da Kika Bari a Zabura

Inna, gaisuwa mai yawa daga unguwarmu Banifandou. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. Ko da kina raye ma ba ki son rubutuna, kin ce kamar kaji sun yi tsere a kan takarda.

Gida lafiya. Mangwaron da kika dasa ya yi 'ya'ya bana, da tsami kamar yadda na faɗa miki tun farko. Yaya Ishaku ya ƙaura Koira Kano, unguwar masu kuɗi, yanzu sai an buga masa waya kafin a je. Keken ɗinkinki yana nan a rufe da zane, na hana a sayar.

Akwai abin da na ɓoye miki. Tun kafin ki kwanta ciwo addu'a ta bushe mini. Ina durƙusawa, ina motsa baki, amma kamar ina tauna dusa. Ranar da kika riƙe hannuna a asibiti kika ce in yi mana addu'a, na yi, har kika ce amin, amma ni ban ji kome ba. Bayan jana'izarki na daina zuwa sujada a coci. Matan zumunta sun zo sau uku, na ce musu aiki ya yi yawa a buro, wurin aikina. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ke da ba ki taɓa fashin addu'ar asuba ba, yaya aka yi kika haifi irina? Na ɗauka bangaskiyata ta mutu, kuma na rasa wanda zan gaya wa.

Watan jiya na ɗauko Littafinki Mai Tsarki zan kai wa Ishaku, don me zan ajiye abin da ba na buɗewa? Sai na ga guntayen baƙin zare suna leƙowa daga tsakanin shafuka, da ƙulli a bakinsu. Na san ki, ba ki ɓarnar zare. Na tambayi pasto, bai sani ba. Wadda ta sani ita ce maƙwabciyarmu Hajiya Zainabu, da kuka yi shekara ashirin kuna ɗinki a rumfa ɗaya. Ki ji fa, Inna, sirrinki na Kirista yana hannun Musulma! Ta ajiye almakashi ta gaya mini cewa duk sa'ad da zuciyarki ta bushe, kikan yanki baƙin zare ki sa inda kika kai a karatu, ki ci gaba haka nan. Ranar da daɗin ya dawo, sai ki koma ki ƙulla shi. Ta ce akwai wanda ya shekara biyu ba ƙulli, bayan rasuwar Baba.

Ashe ke ma? Ke da kike tashe mu da waƙa kafin zakara ya yi cara? A shekarun nan biyu da me kike waƙar? Me ya hana ki gaya mini, ko kin ga ban taɓa tambaya ba? Kuma don me baƙi, yana da ma'ana ne, ko shi ya fi yawa a kwandonki?

Na bi guntayen zaren ɗaya bayan ɗaya. Duka a ƙulle, sai ɗaya cikin Zabura, sabo fil, ko kodewa bai yi ba. Ke nan ranar nan a asibiti ni ina addu'a a bushe, ke kina amin a bushe. Amma kin ce amin ɗin, kuma kin matse hannuna.

Na yanko zare daga kekenki na sa kusa da naki. Kowace safiya ina karatu daga inda kika tsaya, ba na jin kome, ina ci gaba. Na koma sujada ma haka nan. Ranar Lahadin da ta wuce matan zumunta suka ɗauko waƙar nan da kike yi a kan keke. Ban shirya ba sai ga hawaye, na ji bakina yana gode wa Yesu, kuma da gaske nake. Ban ce damina ta sauka ba, yayyafi ne, amma na ji sanyinsa.

Da na dawo gida na daɗe riƙe da zaren biyu. Nawa ya isa ƙulli. Naki kuwa ba ni na sa shi ba, ban san ko ya kamata in taɓa ba. A ƙarshe na haɗa su na yi musu ƙulli ɗaya. In karambani na yi, ki yafe mini.

Ki huta lafiya, Inna. Sauran tambayoyin na ajiye su sai ranar da muka haɗu.

'Yarki Rahila, wadda a duk ɗinkinki ƙulli kaɗai ta koya.