Misalin da ka bayar a kayenka

Zuwa ga ɗana Ɗan'asabe, a makarantar lakwal ta Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ana buɗe wasiƙunku kafin a miƙa muku. Mai buɗewa, kai ma ina gaishe ka.

Bayan haka, ina share ɗakinka na tsinci kayenka, littafin rubutun nan da ka manta lokacin hutu. Ka san ni ma na zauna a benci har na wuce firamare, don haka na karanta shi tsaf.

Na ga aikin da mushenku, malamin nan naku, ya ba ku a kan wasan mutanen Girka na dā. Wata yarinya ta saɓa dokar sarki saboda haƙƙin ɗan'uwanta, aka ce ku auna wa ya fi gaskiya. Ka auna da kyau, ban hana ka ba. Amma a ƙasan tambayar an ƙara layi ɗaya: ku kawo misali daga garinku.

Kai kuwa ka kawo. Ka rubuta cewa kawunka na Jiratawa ya ɓoye ƙanensa a rumbu don kada a mayar da shi aikin dole na hanya. Har ka faɗi wane rumbu, na bayan tsamiya. A gefe an yaba maka da jan alƙalami, an ja layi biyu ƙarƙashin sunan garin.

Ranar kasuwar Tsibiri gardawan kumandan, dogaran Nasara, suka shiga Jiratawa. Ba su tambayi kowa ba, ba su leƙa ɗaki ko ɗaya ba. Tsamiyar suka nufa. Yau kwana goma sha ɗaya kawunnanka biyu suna tsare a bariki, geronsu na tsaye a gona ba mai yanka.

Ban ce mushenka ne ba, Allah ne masani. Amma ka gaya mini, wa ya riƙe kayen bayan shi? Da wa mushen yake cin abinci ran Lahadi? Kuma me ya sa mai koyar da labarin Girka yake son jin na ƙauyenmu?

Kana ƙarami, idan baƙo ya tambayi ina babanka, kai ne mai nuna ɗaki da yatsa kana murna. Kakarka takan ce, "Yaron nan cikinsa ba ƙofa." Mukan yi dariya.

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, ko babanka. Kayen yana ƙasan adakata. Na san ba mugunta ka yi ba, ɗana. So ka yi a ga kawunka ma jarumi ne, kuma da na karanta sai da na share ido.

Allah ya fito da su lafiya, ya tsare maka hannunka kamar yadda nake roƙo ya tsare bakinka. In an sake neman misali, ka tsaya a kan mutanen Girka. Su sun daɗe da mutuwa, ba gardin da zai je ya kamo su.

Mahaifiyarka,
daga Sabon Gari, Maraɗi.